Yadda ake neman tsofaffin fina-finan Hausa na kaset, a juye su a waya, a kuma gano 'yan wasan da suka fito a ciki

Kusan kullum sai wani ya tambaye ni, wai ina zai samu fim kaza da ya kalla yana yaro a gidan maƙwabta, ya manta sunan fim ɗin amma yana tuna waƙar ciki da fuskar yarinyar da ta fito. Irin waɗannan fina-finai na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 ba manyan kamfanoni ne suka yi su ba, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne na unguwa da samari da suka haɗa kuɗi, su hayo kyamara, su ɗauka a gidan wani abokinsu. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990 aka taho a haka, kuma yawancinsu babu inda aka ajiye su sai a kan kaset ɗin bidiyo, kaset kuwa ba ya jiran kowa, zafi da danshi da ƙura suna cin sa a hankali. Shi ya sa duk wanda ya samu ɗaya, to amana ce ta faɗo hannunsa. Ga yadda nake yi, daga nema har zuwa ajiya.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Littafi da biro. Kar ka raina wannan, shi ne na farko.

Injin bidiyo mai cin kaset wanda yake aiki. An daina ƙera su gaba ɗaya tun 2016, saboda haka sai na hannu, wajen masu gyaran talabijin da rediyo ko 'yan gwanjo. In da hali ka nemi Panasonic ko JVC ko Sony, kuma ka samu da rimot ɗinsa, domin da yawa daga cikinsu a jikin rimot ne kawai maɓallin daidaita hoto yake.

Ƙaramar na'urar USB mai ɗauko hoto daga bidiyo zuwa kwamfuta, wadda a kasuwa aka fi sani da EasyCap, da wayar nan mai kai uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti.

Kwamfuta ko da tsohuwa ce, da manhajoji uku da ake sauke su kyauta: OBS Studio na ɗauka, HandBrake na rage girma, VLC na kallo.

Wurin ajiya mai yawa, had-dis na waje ya fi, filash na biye.

Sitabilaiza, in kuma akwai inbata ko sola to ya fi komai.

Sinadarin isopropyl irin wanda masu gyaran waya suke wanke allo da shi, farar takarda mai tsabta, ƙaramin sukundireba, da wani kaset na banza wanda ba ka damu da shi ba.

MATAKI NA 1: Rubuta duk abin da ka tuna

Kafin ka taka ko'ina, zauna ka rubuta. Wa ya fito a ciki, ko da laƙabinsa ne kawai ka sani, wane irin labari ne, na kishiya ne ko na sarauta ko na barkwanci, baitin waƙa ko da layi ɗaya, a wace shekara ka kalla, kana aji nawa a lokacin, kaset ne ko faifan sidi. Wannan na ƙarshen yana taimakawa sosai, domin in a kaset ka kalla to mai yiwuwa fim ɗin bai wuce farkon shekarun 2000 ba, daga nan sidi ya ƙwace kasuwa. Haka kuma in kana tuna babu rawa da waƙa da yawa a ciki to ka karkata wajen farkon shekarun 1990, don bayan fitowar fim ɗin Sangaya ne waƙa ta zama kusan dole a kowane fim.

Kuskuren da mutane suke yi a nan shi ne su haɗa fina-finai biyu a ka su zaci ɗaya ne. 'Yan wasan ba su da yawa a lokacin, mutum ɗaya zai fito a fim goma da kaya iri ɗaya a gida iri ɗaya. Saboda haka abin da ka tabbatar ka rubuta shi daban, abin da kake zato ka rubuta shi daban.

MATAKI NA 2: Fara da intanet, amma kar ka tsaya a nan

Duba YouTube da Facebook da TikTok tukuna, wataƙila wani ya riga ka. Ka rubuta sunan ta hanyoyi da dama, da ƙugiya da babu ƙugiya, a haɗe da a rabe, ka ƙara da kalmomi irin su tsohon fim, tuna baya, fim ɗin da. In ba ka san suna ba ka nema da sunan ɗan wasa ko baitin waƙar. Ka karanta abin da mutane suke rubutawa a ƙarƙashin bidiyo, nan ake samun dattijon da zai ce ai wannan ba fim kaza ba ne fim kaza ne, wane ne ya shirya shi.

Sai dai ka sani abin da ke intanet yawanci a yanke yake. An cire farko an cire ƙarshe, an manna tambarin wani a tsakiyar fuskar mutane, an ja hoton ya yi faɗi kowa ya zama gajere mai ƙiba, wani lokacin ma an canza wa fim ɗin suna don a ja masu kallo. Kuma fina-finan lokacin kashi-kashi suke fitowa, na 1 da na 2 har na 3, sai ka samu na 1 kawai. Ka ɗauke shi a matsayin shaida cewa fim ɗin yana nan, ka ci gaba da neman cikakke.

MATAKI NA 3: Shiga kasuwa da gidaje

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne ake buƙatar haƙuri da iya magana da manya. A Kano cibiyar harkar kaset a da ita ce Kasuwar Ƙofar Wambai da wajen Bata, kuma duk da yawancin masu shagunan sun koma wata sana'a, mutanen suna nan, sun san juna. Ka je ka yi sallama, ka gaisa sosai, ka ce Alhaji ko Baba ina neman wanda ya yi harkar kaset a da. Kar ka buɗe baki da maganar nawa za ka sayar, ka fara da hira, ka nuna ka san abin kuma kana girmama shi. Sau da yawa ba a shago kayan suke ba, suna cikin buhu a sito ko a soron gida, sai mutum ya yarda da kai zai ce ka dawo gobe.

Ya kamata ka fahimci yadda kasuwar take a da don ka san me kake nema. Furodusa yakan buga kwalin fim, ya kai wa 'yan kasuwa tare da kaset na asali wanda ake kira masta, su kuma su yi ta juyewa a kan kaset mara komai suna sakawa a kwalin. Daga nan masu shagon haya da masu satar fasaha su juye daga wanda aka juye. Kowace juya hoto yana ƙara dushewa, launi yana zubewa, sauti yana ƙara shaƙewa. Don haka in ka samu kofi biyu na fim ɗaya ka karɓi duka biyun, ba lalle ingancinsu ɗaya ba. In kuwa Allah ya haɗa ka da masta a hannun furodusa ko iyalansa, to wannan ba abin da za ka saka a injin da ba ka gwada ba ne.

Wuraren da ake dacewa kuma mutane ba su cika tunawa da su ba: tsofaffin masu shagon hayar kaset na unguwa, masu gidan kallo, masu ɗaukar bidiyon biki na da, da uwa-uba ɗakunan iyayenmu mata. Mata su ne manyan masu kallon fina-finan nan, kuma su ne masu adana kaya, za ka tarar da kaset a bayan kwanuka cikin kabad ko ƙarƙashin gado da kwalinsa lafiya lau. Ka tambayi Hajiya, ka tambayi Gwaggo da Inna. In kana da 'yan'uwa a Kaduna, Jos, Katsina, Gusau, ko a ƙetare Maraɗi da Damagaram, ko zangon Kumasi da Accra, ka sa su duba, domin kaset ɗin Kano ya je duk waɗannan wurare, kuma abin da ya ɓace a nan yakan ɓulla a can.

In mai kaya ya ƙi sayarwa kar ka matsa. Ka ce ya ara maka, ko ka kawo kayan aikinka ka juye a gabansa, ka ba shi nasa kofin a waya. Wannan ya fi buɗe ƙofa fiye da kuɗi.

MATAKI NA 4: Duba kaset kafin ka kunna

Wallahi nan ne aka fi yin ɓarna. Mutum ya samu kaset yana ɗoki sai ya cusa a inji, injin ya tauna zaren, shi ke nan an rasa wurin har abada.

Leƙa ta tagar kaset ɗin. In ka ga fari-fari kamar gari ko saƙar gizo a gefen naɗin zaren, funfuna ce, kar ka saka shi a injinka mai kyau, zai toshe kan injin, wato ɓangaren da yake karanta zaren, kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Ware shi daban a leda, ka bar shi a wuri busasshe mai inuwa, kar ka shanya a rana. Goge funfuna aiki ne na a-hankali, ana buɗe kwanson a goge da ƙyalle mara gashi ana juya naɗin da hannu, a waje inda iska take, da takunkumi a hanci. In ba ka taɓa yi ba ka koya a kan kaset na banza tukuna, ko ka kai wa mai gyara.

Danna ɗan maɓallin gefe ka ɗaga murfin gaba, ka duba ko zaren ya tsinke ko ya yamutse. In ya tsinke kar ka liƙa da salatif ɗin ofis a fuskar da take taɓa kan inji, gam ɗin zai lalata kan. In kwanson ne ya fashe, a kwance sukurori biyar na ƙasa a mayar da naɗin cikin kwanson wani kaset. Sannan ka karya ɗan harshen roba da ke bayan kaset ɗin in yana nan, karya shi ne yake hana a ɗauki wani abu a kai bisa kuskure.

MATAKI NA 5: Shirya injin

Saka kaset ɗin banza ka bar shi ya yi wasa minti goma, ka tura gaba, ka dawo baya, ka fitar. In ya fito lafiya ba yamutsewa to injin ya ci jarrabawa. In hoto yana yin yayyafi, kan injin ne ya yi datti. Cire wuta, buɗe murfi, za ka ga wani ƙarfe zagayayye mai sheƙi a karkace. Jiƙa farar takarda da sinadarin, ɗora ta a jikinsa da yatsa ba tare da dannawa ba, ka juya ƙarfen da ɗaya hannun a hankali. Kar ka goga sama da ƙasa, kuma kar ka sa auduga, zarenta yana maƙalewa ya karya kan, in ya karye kuwa injin ya tashi aiki. Bari ya bushe sosai kafin ka mayar da kaset.

Shi kuma kaset ɗin fim, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya kafin kunnawa, don zaren da ya shekara ashirin a naɗe ya saki jiki.

MATAKI NA 6: Juyewa zuwa kwamfuta

Haɗa wayar mai kai uku daga inda aka rubuta fita a bayan injin zuwa na'urar USB, launi da launi. Buɗe OBS, ƙara na'urar a matsayin tushen hoto, ka zaɓi tsarin PAL domin shi ne namu a Najeriya, girman hoto 720 da 576, firam 25 a daƙiƙa. In hoton ya fito baƙi da fari ko yana birgima, yawanci na'urar tana kan NTSC ne na Amurka, canza ta. In kuma kaset ne da aka ɗauka daga talabijin a Nijar, zai iya zama SECAM, sai ka gwada wannan. Duba sandar sauti tana motsi kuma ba ta kaiwa ja. Yi gwajin minti biyu ka kalla da VLC kafin ka saki dogon.

Danna ɗauka a kwamfuta tukuna, sannan ka kunna kaset. Kuma don Allah ka ɗauka tun daga farkon zare har ƙarshensa, kar ka tsallake tallace-tallace. Tallan fina-finai masu fitowa da ake sakawa a farko wani lokacin shi kaɗai ne abin da ya rage na wani fim a duniya, kuma da shi ake gane wanne ya riga wanne fitowa. Haka takardar shaidar tacewa in akwai, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano an kafa ta ne a 2001, to in ka ga shaidarta ka san kofin bai girmi wannan shekarar ba.

In ka ga layi yana yawo a ƙasa ko saman hoto, daidaita da maɓallin tirakin na rimot, wato na daidaita hoto, har ya lafa. Juyewa tana cin lokaci daidai tsawon fim ɗin, ba a gaggauta ta, kuma ka zauna kusa, da ka ji ƙarar da ba ka gane ba ka tsayar. Kar ka fara in ba ka da tabbacin wuta, ɗaukewar wuta kaset yana ciki tana iya barin zare a waje. Kar ka buɗe wasu abubuwa a kwamfutar lokacin ɗauka, yana sa murya ta riga baki.

In ba ka da na'urar USB, akwai injin DVD mai ɗauka, ka juye a faifai sannan ka kwafe a kwamfuta. In babu wannan ma, masu ɗaukar bidiyon biki da suka daɗe a sana'a suna yi, amma ka tsaya a yi a gabanka. In duk babu, kafa waya a kan wani abu da ba ya motsi, a ɗaki mai duhu, ka ɗauki allon talabijin. Ba kyau zai yi ba, amma ya fi a ce babu.

Faifan sidi kuwa ya fi sauƙi. Buɗe shi a kwamfuta, shiga jakar MPEGAV, kwafe fayil masu ƙarewa da DAT, VLC yana kunna su yadda suke. In faifan ya karce, wanke shi da ruwa da ɗan sabulu, goge daga tsakiya zuwa baki ba zagaye ba, in ya ƙi ka gwada a wata kwamfutar, wani injin ya fi wani haƙuri.

MATAKI NA 7: Ajiya

Fayil ɗin farko mai nauyi ka bar shi yadda yake, kar ka yanke kar ka sa tambari. Daga shi za ka fitar da ƙarami na waya da HandBrake, ka bar siffar hoton a 4:3, ka kunna gyaran da ke kawar da layuka irin na haƙoran mataji a wurin motsi. Sa suna mai ma'ana, sunan fim da kashi da kamfani da shekara. Ajiye a wuri uku, ɗaya ba a gidanka ba. Ɗauki hoton kwalin gaba da baya da gefe. Kaset ɗin kuma kar ka yar, mayar da shi farko, ka jera a tsaye a wuri mai sanyi nesa da lasifika.

MATAKI NA 8: Gano 'yan wasan

Ni wannan ne ya fi taɓa min zuciya. Tsayar da fim ɗin a wurin sunaye, farko da ƙarshe, ka kwafe kowa da kowa a littafinka, har mai kyamara da mai kiɗan fiyano da mawaƙan da suka rera a bayan fage, domin muryar da ka haddace tun kana yaro sau da yawa ba ta wadda ka gani tana motsa baki ba ce. Ka lura da yawa an fi sanin su da laƙabi ko da sunan fim ɗin da ya fito da su, kamar yadda aka san marigayiya Hauwa Ali Dodo da Biba Problem, marigayi Rabilu Musa da Ibro, to ka rubuta suna da laƙabi tare don na baya kar su rikice. Rubutun sunaye a fina-finan lokacin ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau Muhammad gobe Moh'd, kar ka mayar da mutum ɗaya mutum biyu.

Don tabbatar da shekara da wanda ya yi me, babu kamar tsofaffin mujallu. Tauraruwa ta fara a 1998, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara a Maris 1999, cike suke da hira da hotuna da tallan fina-finai. Waɗanda suka tara kaset sau da yawa sun tara mujallun ma, ka tambaya. Rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero a kan tarihin fim ɗin Hausa suna da yawa a intanet. Ofisoshin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya fina-finai, na jihohi ma hanya ce ta isa ga tsofaffin furodusoshi da daraktoci. In abin da kake nema ya girmi zamanin kaset, irin na majigi, to Jos za ka nufa, wajen ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, a hannun hukumar ne aka tono fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu na 1976 aka gyara shi har aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Sai gargaɗin da nake so ka riƙe da kyau. Da yawa daga matan da suka fito a fina-finan nan sun yi aure sun bar harkar shekaru da dama, suna da 'ya'ya manya, wasu da jikoki. Kar ka je kana neman lambarsu ko gidansu, kar ka yanko wurin rawa ka watsa da rubutun wai ina wance take yanzu. In kana son jin tarihi daga bakin wata, ka bi ta hannun wanda ya yi aiki da ita ya nema maka izini, in ta ce a'a to a'a ne. Waɗanda suka rasu kuma, irin su Balaraba Muhammad da Ahmad S. Nuhu, Allah ya jiƙansu, ka tuna suna da iyaye da 'yan'uwa da suke ganin abin da ake sakawa, wasu iyalan suna so a tuna da nasu wasu kuma ba sa son a yi ta yaɗa hotunan, ka tambaya.

MATAKI NA 9: Kafin ka saka a intanet

Fim ɗin yana da mai shi ko da kamfanin ya rufe. Sunan furodusa yana jikin kwali, neme shi, in ya rasu nemi magadansa, ka kai musu kofi mai kyau kyauta, da yawansu su kansu ba su da aikinsu a hannu. Daga nan ku yi magana, ko su saka a tasharsu, ko su ba ka izini a rubuce ko da ta saƙon WhatsApp ne, in akwai kuɗin talla ku yanke yadda za a raba tun kafin a saka. In aka amince, saka shi cikakke da sunayen ƙarshe, ka rubuta jerin 'yan wasa da ma'aikata da shekara a ƙasan bidiyon, ka kuma faɗi daga wane irin kofi ka juye, kaset na haya ne ko masta, don in wani yana da wanda ya fi naka kyau ya san ya tuntuɓe ka.